Gishirin Laraba

A garinmu na bakin teku, yamma da Fortaleza,
inda rairayi ke cin gidaje sannu a hankali,
kakata Zulmira na gyaran taru a gindin kashu,
zare a baki, ido a kan ruwa.

Ranar Laraba Fasto Ubiratan ya sauka
da farar mota da lasifika biyu.
Takalminsa bai san yashi ba.
Ya kafa rumfa bayan kasuwar kifi,
ya jera gishiri ƙulli-ƙulli a leda,
wai an kwana bakwai ana masa addu'a.
Gishiri fa, a garin da iska ma gishiri ce!

Ya ce talauci ramar bangaskiya ne.
Ya ce shuka kuɗi, ka girbi jirgi mai inji.
Ya ce ɗan Sarki ba ya jinya,
in cuta ta yi zaman dirshan a gida
a tona, akwai zunubi a binne.
Sai ya miƙa yatsa ga kawuna Aldenor,
wanda bai taɓa ganin teku ba tun haihuwa
amma yana gane kowane kwalekwale da kukan igiyarsa.

Kakata ta tofar da zaren.

A aji uku ta bar makaranta,
amma Littafinta ya sha hannu har ya yi laushi,
yana warin kifi da kananzir.
Ba ta ma buɗe shi ba.

Ta ce, "Ɗana, tambayarka tsohuwa ce.
Mabiyan Ubangiji sun riga ka yin ta
a kan wani makaho a gefen hanya:
laifin wa, nasa ko na iyayensa?
Ubangiji bai ɗora wa kowa ba.
Shekara arba'in da ɗaya ina kwana da amsar nan,
yau da rana tsaka za ka ƙwace min?

Manzon nan mai ɗinkin tanti
sau uku ya roƙa a zare masa ƙaya.
Ƙaya ta zauna, alheri ya ishe shi.
Shi ma bangaskiyarsa ce ta rame?

Wani ya taɓa kwance bakin jaka
zai sayi baiwar Allah da azurfa.
Je ka duba abin da masunci ya faɗa masa,
mu masunta ba mu iya sakaya zance ba.

Wanda kake ciniki da sunansa kuwa,
jakin da ya hau na aro ne,
kabarin ma na aro.
Ko da yake bai daɗe ba ya mayar wa mai shi."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.
Fasto ya ƙara wa lasifika murya,
ya ce ruhun gardama ya shiga taro.

Kada in yi muku ƙarya:
an sayi gishirin.
Matar Josimar ta sayar da injin ɗinkinta.
Kafin faɗuwar rana tebur ya zama wayam,
motar ta bi hanyar gari na gaba.
Ni ma, da kuɗin gyaran kekena,
ƙulli ɗaya na kwance a aljihuna,
don na gaji da jan kawu zuwa bakin ruwa,
na kuma so ya ga fuskata ko sau ɗaya.

Da dare kakata ta lalubo shi wajen wanki.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta daɗe tana juya shi a tafin hannu,
sannan ta kwance, ta zuba a romon kifi.
Ta ce, "Allah ne ya yi shi, ba laifinsa ba ne."

Muka zauna, ta yi godiya, aka rarraba garin rogo.
Kawu Aldenor ya kurɓa, ya ɗan yi shiru,
ya juyo daidai inda nake, kamar kullum,
ya ce, "Wa ya cika wa miyar nan gishiri?"