Tiyar Inna Tabawa

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli
a lise, can bayan unguwar Zariya,
ina koya wa ƴan ajin ƙarshe falsafa,
sana'ar ɗaga dutse a ga abin da ke ƙasa.
Ba ni da jari sai tambaya.

Ran Talata na rubuta a allo:
don me mutum zai yi gaskiya in babu mai gani?
Wuta ta tafi tun hantsi,
ƙuda ɗaya na kewaya ajin kamar sufeto.
Lawali ya ce, don Allah na gani.
Aka ce na'am, aka rufe littafi,
kowa ya ɗauka an kai ƙarshen hanya.

Sai Tsahara, wadda ba ta magana,
ta ɗaga biro maimakon yatsa:
Mushe, wanda ya bar sata don tsoron wuta
da wanda ya bar ta don ba ya so,
wa ya fi tsarkin zuciya?

Aka yi mata caa.
Wani ya ce karatun lakol ya hau mata kai.
Ni da na haddace amsoshin matattu
na duba agogo, na ce sai jibi.
Ƙararrawa ta cece ni. Na fita da kunya.

Da la'asar na biya Kadro sayen hatsi.
Inna Tabawa na inda take tun ina yaro.
Ɗan Jimma makaho ya miƙa mata jaka,
ya ce tiya biyu,
ya juya kunne wajen hayaniyar ƴan kabu-kabu.
Ba ta san ina kallo ba.
Ta cika, ta tula har ya yi tozo,
ta zuba, ta sake,
sannan ta ƙara gyara tafi guda, shiru,
babu shaida, babu godiya.

Na ce, Inna, in tambaye ki?
Ta ce, ku ƴan lakol ba ku gajiya.

Na ce, wannan cikon don tsoron Allah ne
ko don tausayin Ɗan Jimma?
Da za a ce yau ba a rubuta aikin kowa,
yini ɗaya tak,
za ki rage tiya?

Ta ce a'uzubillahi,
ta kaɗe ƙaiƙayi daga cinyarta,
ta dube ni kamar mai duban kwanon da ya lotsa.
Ɗana, kai ka raba su.
Ni a ƙwarya guda aka dama mini,
ba ni iya tsame nonon daga furar.
Tsoro na fara ji, ba ni musu,
uwata ba ta wasa da zancen awo.
Amma jinjiri da hannun uwa yake koyon tafiya,
ranar da ya saki hannun
ba ranar ya daina zama ɗanta ba.
In na rage, ni zan kwana ina juyi,
Ɗan Jimma tuwonsa zai ci, ya yi barci lafiya.

Na hau babur, gero a bayana,
na bi gefen gulbi. Ruwa ya janye,
masu lambu na tonon yashi.
Ban sani ba ko ta amsa mini,
ko tambayar tawa ce ke yoyo.
Wataƙila tsoro guga ne kawai,
ruwan tun can yana cikin rijiya.

Jibi zan shiga aji babu takarda.
Zan ce wa Lawali, ba ka yi kuskure ba,
in ce wa Tsahara, kada ki yi shiru,
wanda ya yi hankali bai yi shi don ado ba.
Sannan in kwance ɗan buhu a kan tebur,
in ajiye abin da zan aro a Kadro
da alkawarin mayarwa kafin magariba,
tsohuwar tiya, bakinta duk ya side.
In ce, kowa ya zo ya auna wa maƙwabcinsa.
Ni zan juya baya.