Aska Takwas a Laka

Tun la'asar Kufena ya ɓace,
hadari ya haɗiye shi ɗungurungum.
Kaji suka shige akurki ba kora.
Inna Ladingo ta dafa gwiwa ta ce,
"Wannan ba na shuka ba ne."

Ni ina zaure, allura a hannu,
wata uku ina bin riga ɗaya,
aska takwas, saura tambarin baya.
Mai ita ya ba da rabi, tuni na cinye.

Guguwa ce ta fara sallama.
Ta zo tana juyi kamar mazari,
ta yaye kwanon gidan Barau,
ta naɗe shi kamar tabarmar kaba,
ta rataye masa a kan darbejiya.
Sai tsawa. Kowa ya tuna da salati,
har ni da Azahar ke bi bashi.

An ɗauke wuta. Walƙiya ta karɓi aiki.

Ba ta sama ruwan ya ci mu ba,
ta rariya ya biyo.
Kwalbatin da muka shekara muna ɗura wa leda
ya amayo mana kayanmu, bai riƙe ko ɗaya ba.
Idon sawu. Gwiwa. Ƙugu.
Tukunyar tuwo ta fita yawo,
buta na biye da ita.

Katangar da kakana ya ɗora da tubali
ta durƙusa a hankali kamar raƙumi,
ba ta sake tashi ba.

Hannu biyu Allah ya ba ni.
Riga na kan buzu, Inna na kan gado.
Na goya ta a tsakar gidan da ta goya ni,
ko rabin buhun gero ba ta kai ba,
tana dukan kafaɗata, "Carbina! Carbina!"

Mantau mai faci ya hura tiyub uku,
yana fiton yara zuwa dakalin masallaci,
yana ƙirga kawuna da hasken waya.
Goma sha ɗaya. Ya sake ƙirgawa.
Sun cika. Sannan ya zauna ya yi kuka.

Da asuba Kubanni na gurnani can nesa,
kwaɗi na biki a inda ɗakina yake.
Na tono rigar a ƙarƙashin azara,
ja wur da laka,
allurar na soke inda na bar ta.

Inna ta dube ta, ta ce, "A wanke."
Ta miƙo hannu. "Carbin fa?"