Na San Gawa

Wasiƙa ta zo ran Talata bayan la'asar,
hatimi shuɗi, sa hannu kamar sawun kaza.
Kamfanin asurans ya ce ya duba ya auna,
motata gawa ce,
gyaranta ya fi ta kuɗi.
In zo in karɓi jikka ɗari shida da hamsin,
in bar musu ƙarfen.

Na ninke ta huɗu na sa a bakin zane.

Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa a Madarunfa.
Na san gawa.
Na riƙe ta da ɗumi, na riƙe ta da sanyi.
Na kuma san wanda ke faɗowa shiru,
kaka ta soma salati tana laluben ƙyalle,
ni ko in murza baya, in hura, in ƙara murzawa,
har ya yi tari irin na ɗan kyanwa.
Guda cikinsu yau kabu-kabu yake a Mokoyo,
ko na miƙa kuɗi ba ya karɓa.

Abin da ya faru bai taka kara ya karya ba.
Babbar mota ce da lodin aya
ta ja da baya a hanyar Ɗan Isa, babu yaron mota,
ta murƙushe min ƙofar dama,
ta tsiyaye fitila guda, ta lanƙwasa hanci.
Jandarma sun auna, sun rubuta laifi ba nawa ba.

Gwanin da kamfani ya turo
farar riga ya sa, kuma da farinta ya koma.
Minti bakwai, na duba agogo.
Hoto uku da waya,
ya karanta shekarar haihuwarta a kati ya girgiza kai.
Murfin inji ko taɓa shi bai yi ba.

Tsahiru makanike na unguwar Zariya
shi ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta,
ya daɗe har shayinsa ya huce.
Ya fito da baƙin mai a gemu, ya ce,
"Ƙashin bayanta lafiya lau, Inna Barira.
Ƙofa akwai irinta a Jibiya.
Ɗari uku da arba'in, har fenti."

Da takardarsa na tafi ofis,
da rasit na shekara goma sha ɗaya cikin leda,
babu wanda ya makara.
Yaron da ke bayan gilashi, Musbahu,
mai ladabi ne, ban ga laifinsa ba.
Ya ce, "Madam, kwamfuta ce ta lissafa."
Na ce, kwamfutar ta taɓa zuwa Gabi cikin damina
da mai naƙuda a kujerar baya?
Na ce, ɗana, hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar,
balle wannan ƙujewa ce.
Kuma wanda ya ci ladan kuturu, aski ya kama shi.

Ya yi ƙasa da murya.
Wai ina da damar kawo gwani nawa,
in biya daga aljihuna,
a haɗa takardu a tura Yamai.
Kwana nawa? Ya ɗaga kafaɗa.

Kuɗin adashena na watan nan can suka tafi.
Gwani na biyu ya ɓata wandonsa da ƙasa,
wannan kaɗai ya sanyaya min rai.

Yau sati biyar, Yamai shiru.
Safiya nakan bi motar kasuwa, buhu a gwiwata.
Ita tana can ƙarƙashin dogon yaro a garejin Tsahiru,
tsuntsaye sun mai da rufinta makewayi.
Duk Juma'a in an sauko nakan biya,
in shiga ta ƙofar hagu, in murza makulli.
Takan yi tari sau biyu,
a na uku ta kama,
yaran gareji su yi ta dariya,
ni ko in bar ta ta yi kukanta minti biyar,
don mai ya yi tsada.