Mai Korar Jan-baki

A Wad Madani, ɗaki na uku daga bakin famfo,
Dakta Ikhlas ta juyo mini da fuskar kwamfuta.
"Kin ga ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa?
Dakarun jikin mahaifinki ne.
Ba su gudu ba, suna tsakiyar ƙarin.
Faɗan kawai suka daina."

Na ƙura musu ido.
Kamar gero da ya zube a tabarma
babu kazar da ta kula shi.

Na ce, cin hanci aka ba su?
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Ta ce gajiya ce.
Wanda aka tasa ya yi ihu da asuba,
aka tasa shi da azahar, aka tasa shi tsakar dare,
wata da watanni ɓarawo ɗaya,
wata rana zai buɗe baki iska ta fito.
Ƙarin kuma ya iya zama da mutane:
ya lashe sukarin, ya shaƙe iskar,
ya bar musu tsami su kwana a ciki,
sannan ya miƙo hannu da sallama irin ta gida,
su kuwa an hore su kada su taɓa na gida.
Har cikinsu yakan samu masu cewa a yi haƙuri.
Da ɗan gari akan ci gari.

Ban gaya mata ba, amma na san wannan gajiyar.
Damina arba'in Baba Shekarau ya yi a Mai Wurno
bisa rumfar kara, gefen Nilu,
da majajjawa, da gwangwanaye a igiya,
yana korar jan-baki daga dawar wasu.
Farkon kaka muryarsa na tsallaka kogi.
Ƙarshen kaka sai ya ɗaga hannu kawai,
tsuntsaye su sauka a kan igiyar
su ci, su goge baki a gwangwaninsa.
Ba ƙauna ce ta shiga tsakaninsu ba.

Akwai ruwan da ake ɗaurawa, in ji ta,
ba ya kashe ƙarin da kansa,
takunkumin yake kwancewa daga bakin masu tsaro.
Masu sauran numfashi sukan miƙe.
Waɗanda gajiya ta kai wa ɓargo,
ko an kwance, shiru.
Wani lokaci kuma in sun farka
ba sa tambayar wane ne baƙo,
sai su far wa hanji, su far wa fata.
Ta rubuta kuɗin a bayan takardar gwaji.
Na ninke ta huɗu.
Gonarmu ba ta kai girman lambar ba.

Da yamma na same shi ya jingina da bango,
mai jabana ta miƙo masa ta taga, bai sha ba,
ƙamshin citta kawai yake so.
Na ba shi labarin dakarunsa,
na rage wuraren da ba su da daɗi.
Ya daɗe yana murza gemu.

Ya ce, "Uwani, su nawa ne masu sauran murya?"
Na ce ba a sani ba sai an gwada.
Ya ce, "Ni ma ranar da tawa ta tafi
ba wanda ya hau rumfa ya karɓe ni.
Kada ki zage su.
Ki sayar da saniyar."

Waje raksha na ta tari a kan titi.
Ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi a ƙarshen kaka,
wani ƙuda ya tashi daga bakin kofin,
ya zaga,
ya dawo.