Kansilan Bakin Kwari

Ran da ya fara shiga ajinmu ya ce mu kira shi "Misye".
Mu 'yan Kumo, harshe ya ƙi lanƙwasa,
muka ce "Mushe".
Ya yi dariya har alli ya suɓuce masa:
"To, ku bi a hankali, mushen nan da sauran numfashi."

Malam Gidado ɗan mai gyaran fitila ne.
Da hasken mutane ya yi karatu,
fitilun da aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba.
Daga firamare sai kwalejin malamai,
sai shekara guda can bakin teku,
inda ya kwaso Faransanci
da wani tari da har yau bai sake shi ba.

Kwarin bayan makaranta,
a lokacin, ɗan akuya na tsallake shi.
Damina uku, ya haɗiye rumbun Adda Yelwa.
A ta huɗu ya ɗauke bangon ajinmu
har da taswirar da ke manne a jiki.

Dalilin takarar ke nan.
Ni ke riƙe da bokitin sitaci,
muna liƙa hotonsa a ƙyauren shaguna,
hoton da hula ta karkace, ba kuɗin sake wani.
Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ko sabulu?"
Ya ce, "Inna, kwalbati."
Ta ce, "Kwalbati ba ya wanke zane."
Ranar zaɓe na gan ta a layi, da sandarta,
ta ɗago min babban yatsa, shuɗi.

Ƙuri'a goma sha ɗaya ce ratar.

A sakatariya ya tarar da kwalbatinmu
kwance cikin fayil, lafiya lau,
an gina shi sau biyu,
an ma yi masa fenti.
Ya ɗaga hannu kamar ɗan aji:
"Ranka ya daɗe, a ina yake? Ina so in taka."
Fanka kaɗai ta ba shi amsa.
Da yamma aka bi shi gida da ambulan,
"Malam, rijiya ta bayar, kada guga ya hana."
Ya ba ɗan aiken ruwa a moɗa,
ya raka shi da kayansa har bakin titi.
Tun daga nan takardar kiran zama
sai an watse take iso shi.

Zagaye na biyu aka ce an yi maslaha.
Sunansa ya bi ta allo
kamar darasin jiya.

Mun zaci zai koma gefe ya yi ta ƙorafi.
Asabar ta gaba sai ga shi da shebur,
da buhunan siminti fanko, ya roƙo daga magina.
Mu shida ne. Sai tara. Sai matan unguwa da kwanonin yashi.
Muka dasa jema a leɓen kwari,
ruwa ya kwashe, muka sake.
Ranar Laraba, gindin tsamiya,
yana karanta kasafin ƙaramar hukuma da Hausa,
yana maimaitawa da Fulatanci saboda Adda Yelwa,
wadda ta iya tambaya yanzu:
"Wannan miliyan ɗin, wa ya sa hannu?"

Wasiƙu arba'in da bakwai ya rubuta.
An amsa biyu. Ɗaya ta ce an gani.

Ba zan ce mun ci kwarin ba.
Yana nan, baki buɗe,
taku goma sha huɗu daga katangar asibiti.
Amma bara ma sha huɗu ne.
Na sani, don duk safiyar da ruwa ya kwana yana zuba,
Malam kan buga min ƙofa tun kafin shayi,
wando a naɗe, littafi cikin leda,
yana tari, yana miƙo min bakin igiya:
"Ja da kyau. Kada ka ƙara masa,
kada ka rage."