Zanen Gawayi a Bango

Laraba ce, da asubar fari,
motar Bokkos ta shigo Farin Gada tana nishi,
sanyin Jos na cizon kunne,
ni da Gyang muna sauke dankali.
Buhu na sha ɗaya ya zame,
na kai hannu in tare,
sai na ji ƙas daga cikin jikina,
kamar an ɓalle murfin kwalba.

Shekara sha bakwai ina ɗora wa kafaɗar nan kaya,
ba ta taɓa ce mini uffan ba.
Ran nan ta gaji.
Ƙashi ya bar ɗakinsa ya tsaya a bakin ƙofa,
hannun dama na reto kamar na aro.

Masu kabeji suka taru, kowa ya zama likita.
Wannan ya ce a taka hammata a fizge,
wancan ya ce Gangare akwai maɗori,
mai kunu ta ce baki ne, a nemo tofi.
Gyang ya ce kowa ya matsa.
Ya kwance mayafin wuyansa,
ya ɗaure hannun a ƙirjina kamar jinjiri,
ya tare mana keke.
Duk ramin da ke titin Zariya
sai da muka gaisa da shi.

A asibiti aka ɗau hoto.
Likita Nanret ta ɗaga shi sama a haske,
ta ce ba karaya ba ce, gocewa ce.
Ta yi allura, ta ce in saki jiki,
ta kama gwiwar hannuna
tana juyawa sannu-sannu
kamar mai lallaɓa tsohon kwaɗo da makulli,
tana tambayata nawa buhun dankali yanzu.
Ban gama yi mata ciniki ba
ƙashi ya koma ɗaki.
Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Sati uku hannu na rataye a wuya.
Barci a zaune, jingine da bango.
Kande ce ke ɓalla mini maɓallin riga,
ni da ke ɗaga buhu da hannu guda.
Tuwo da hagu, miya a gemu,
Uwani na dariya tana ɓuya bayan uwarta.
Duk Juma'a Gyang zai zo,
ya tura wani abu ƙarƙashin tabarma,
ya yi ta zancen ƙwallo don kar in gode.

Da aka kwance, na ɗauka an gama.
Ashe nan aikin ya soma.
Ishaya mai gashin ƙashi ya ce:
ƙashin da ya san hanyar fita ba ya mantuwa,
sai ka gina masa katanga da tsoka.
Sunkuya, bar hannu ya yi lilo.
Ja wannan roba, sake ta, sake ja.
Tsaya gaban bango, yatsu su hau
kamar ƙadangare mai jin sanyi.

Inda yatsu suka tsaya,
Uwani ta ja layi da gawayi.
Jiya nan, yau nan, gobe ɗan sama kaɗan.
Wata rana ma baya muka koma,
ta ƙi zanawa, ta ce wannan ba ya cikin lissafi.

Yau da safe na wuce ƙusar da nake rataye hula.
Na yi kabbara, hannu biyu daidai kunne,
babu wanda ya riga wani.

Buhu dai ya jira.
Litinin zan koma da kwandon latas,
masu dako su yi dariyarsu.
Ni da kafaɗa mun yi sulhu:
in ta yi magana, zan saurara.
Kande na son shafe bangon da farar ƙasa,
na ce ta bar shi tukuna.