Koyon Faɗuwa

A Ostend, inda teku ke tofo gishiri har kan ciyawa,
Ebiye na tsaye bayan raga.
Cikin yatsunsa goma, huɗu sun karkace:
wannan tun a Fatakwal ya karye,
wannan kuwa fanareti ce a Liège,
ranar da mutum dubu ashirin suka rera sunansa a baibai,
ya yafe musu.

Shekara sha bakwai yana gadin ƙofa marar ƙyaure.
Ɗarin da ya cafke sun bi ruwa;
ɗayar da ta sulale ta tsakanin ƙafafu
har gobe tana bakin mutane.

Yanzu gwiwa ta yi murabus.
Yara ne a gabansa, safar hannu ta yi musu yawa.
Jorre, ɗan mai kifi,
runtse ido yake in ƙwallo ta taso.

"Ba kamu za mu fara ba," in ji Ebiye.
"Faɗuwa. Cinya, ƙugu, sannan kafaɗa.
Ƙasa ba ta gaba da kowa."

Yaro ya faɗi, ya tashi da laka har kunne.
"Sake."

Can uwarsa na ta danna hon.
Ebiye ya ɗaga karkataccen yatsa:
saura ɗaya.